Wa Ya Ƙirga Mutum 80,000 a Orsha?



Maƙalar wannan mako za ta kai mu gabashin Turai, shekara 500 da 'yan kai baya, amma rigimar da muka ɗauko ta cikin gida ce. Muna da ja da marubucin da zai buɗe littafi ko shafin intanet, ya ga an rubuta cewa sarki kaza ya fito da mayaƙa 80,000, ya kwashe ya zuba a nasa rubutun bai tsaya ya tambayi wanda ya yi ƙidayar ba. Muna kuma da ja da ɗan uwansa, wanda da ya ga sunayen ƙasashe biyu a kan wani tsohon yaƙi shi ke nan ya gama gane wa ya yaƙi wa. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ƙazanta a 2022, rubutu kan tarihin wannan yanki ya yawaita a Hausa. Mutum zai zaɓi ɓangarensa tukuna, sannan ya shiga tarihi ya karyo tsumagiyar da zai daki abokin gardama. Wanda ke yin haka gani yake shi ne ke amfani da tarihi, alhali wani sarki da ya mutu tun ƙarni na 16 ne ke amfani da alƙalaminsa kyauta.

Ga yaƙin Orsha na 1514 mu gwada.

A wancan zamani manyan dauloli biyu ne ke ja-in-ja a kan ƙasashen da ke tsakanin Tekun Baltik da Baƙin Teku. Akwai daular Lituwaniya, mai fada a Bilniyus, wadda ta haɗa sarki ɗaya da Polan, wato Sigismund na Ɗaya. Akwai kuma daular Mosko, ƙarƙashin Basili na Uku. Abin da ya haɗa su a wannan karo birnin Simolensk ne, mai ganuwa, a bakin Kogin Dinifa, a kan hanyar da ta taso daga Mosko ta nufi yamma. Birnin yana hannun Lituwaniya tun 1404. Basili ya ƙaddamar da yaƙi a 1512, ya kewaye birnin sau biyu yana komawa gida hannu rabbana. A karo na uku, a bazarar 1514, igwoyinsa suka yi wa birnin ruwan wuta har mutanen ciki suka buɗe ƙofa a ƙarshen watan Yuli. Daga nan ya tura rundunarsa gaba, ta kutsa ƙasar da yau ake kira Belarus. Sigismund ya taso da tasa, shi ya tsaya a garin Borisob da wasu mayaƙa, ya miƙa sauran ga sarkin yaƙinsa, Konstantin Ostrogski. Rundunonin biyu suka haɗu kusa da garin Orsha, wanda ke yamma da Simolensk da tazarar sama da kilomita 100, Kogin Dinifa yana tsakaninsu.

Cikin dare, wayewar 8 ga Satumba, mutanen Ostrogski suka ƙetare kogin, dakaru da igwoyi ta kan gadojin da aka ɗaure suna iyo a bisa ruwa, barade kuma wasunsu ta mashigi. Rundunar Mosko kusan duk mahaya ce, masu baka da takobi, kuma shugabanninta biyu, Iban Celiyadnin da Mikail Bulgakob mai laƙabin Golitsa, ba sa ga maciji a kan wane ne gaba da wane. Golitsa ya kai farmaki, aka tare shi, Celiyadnin bai kai masa ɗauki ba. Da aka jima ɗaya reshen rundunar Mosko ya auka, sai baradan Lituwaniya suka juya da baya kamar an karya su. Mahayan Mosko suka bi su a guje har cikin wani matsatsi a gefen daji, inda aka ɓoye igwoyi da 'yan bindiga. Wuta ta tashi, sahu ya watse, aka kora su zuwa wani ƙaramin kogi mai suna Krapibna, da yawa suka hallaka a can. Aka kama Celiyadnin, aka kama Golitsa, da wasu manyan kwamandoji.

Wannan nasara ce ta gaske, kada wani ya ce mun rage wa Ostrogski komai. Ƙetare babban kogi da igwoyi a gaban abokin gaba, da gudun yaudara wanda bai rikiɗe ya zama gudun gaske ba, aikin gwani ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gizo yana saƙa ne a abin da ya biyo baya. Ƙurar fage ba ta gama kwantawa ba magatakardan Sigismund suka duƙufa. Wasiƙu suka tafi Roma wurin Fafaroma Leo na Goma, suka tafi fadojin sarakunan Turai, suka tafi wurin maƙwabtan da ake zargi suna shirin haɗa kai da Mosko. Labarin da wasiƙun suka ɗauka shi ne rundunar Mosko mutum 80,000 ce, kuma an kashe 30,000 daga ciki. Mawaƙan fada suka tsara waƙoƙin yabo da Latinanci, aka buga su a maɗaba'a, har da wani kundi da aka fitar a Roma a 1515. Bayan wasu shekaru aka yi wani ƙaton zane na yaƙin a kan allon katako, da dawakai da sulke da igwa tana haye gada, wanda yau yake gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Warso. Duk wanda ya nemi Orsha a intanet wannan zane ne zai fara tarbarsa, kuma 80,000 ɗin nan tana nan a gefe tana jiransa.

To wa ya ƙirga? Sarkin da bai halarci fagen ba, wanda ya rasa birni mafi muhimmanci a iyakarsa ta gabas wata guda da 'yan kwanaki kafin nan, kuma yake buƙatar Turai ta manta da wannan rashi, shi ne majiyar adadin. Mu Hausawa bai kamata a yi mana wannan wayo ba, domin mun san maroƙi, mun san sanƙira, mun san kirari. Idan makaɗin fada ya ce sarki ya kori dubu shi kaɗai, muna jin daɗi, muna yi masa kari, amma babu mai hankalin da zai ɗauki wannan ya kai ofishin ƙidaya. Abin mamaki, da zarar kirari ya sa tufafin Turawa, an rubuta shi da Latinanci, an buga masa hatimi, sai wasu marubutanmu su durƙusa masa.

Ba sai mutum ya je jami'a ba kafin ya sa wa adadin alamar tambaya. Duk wanda ya taɓa kiwon doki, ko ya ga hidimar da hawan salla ke ci, zai iya lissafin da kansa. A ce kowane doki yana cin kilo 8 na ciyawa da hatsi a rana. Dawakai 80,000 za su buƙaci tan 640 kullum, wato sama da tirela 20 masu ɗaukar tan 30, kowace safiya ta Allah, a zamanin da babu tirela, a ƙasar daji da fadama. Wannan kuwa idan doki ɗaya ke ga kowane mahayi, alhali mahayin Mosko ba ya fita yaƙi mai nisa da doki ɗaya. A jera su huɗu-huɗu a kan hanya, a ba kowane sahu mita 3, jerin zai kai kilomita 60. Na gaba zai isa masauki ya kwana ya tashi na baya bai ɗaura sirdi ba. Lissafinmu ne wannan, na kan tabarma, kuma muna maraba da wanda zai gyara shi, amma ya gyara da lissafi.

Masana sun yi abin da ya fi wannan. Wani masanin tarihi ɗan Rasha, Aleksei Lobin, ya bi garuruwan da suka aiko da mahaya zuwa wannan yaƙi ɗaya bayan ɗaya, ya auna abin da kowanne ke iya fitarwa bisa takardun aikin soja na Mosko, ya ce rundunar ba ta wuce kimanin mutum 12,000 ba, kuma ta Ostrogski ma kusan haka take. Akwai masanan da suka ja da shi, suna ganin ya matse adadin da yawa, suna ba Mosko fiye da haka. Wani zai ce ai ɗan Rasha ne, dole ya rage girman kunyar kakanninsa. Tambaya ce mai kyau, kuma irinta muke so a riƙa yi. Sai dai Lobin ya baje hanyar da ya bi a fili, kowa na iya bi ya ga inda ya zame. Sigismund adadi kawai ya aiko, ba da takardar kowa ba. Mutum 30,000 ba sa mutuwa cikin runduna ta 12,000, kuma ko an ninka adadin Lobin sau biyu gawarwakin wasiƙar sun fi rayayyun yawa.

Yanzu ga tambayar da mai kwafe ba ya yi: me aka fito nema? Simolensk. An same shi? Bayan nasarar, ƙananan garuruwa irin su Mistislab da Kiriceb da Dubrobno sun koma hannun Lituwaniya. A cikin Simolensk kuma wasu manya, har da babban limamin cocin birnin, suka ƙulla za su buɗe wa Ostrogski ƙofa. Gwamnan da Basili ya bari a can, Basili Shuiski, ya gano ƙullin. Da Ostrogski ya iso da 'yan dubban mayaƙa, ba tare da manyan igwoyin fasa ganuwa ba, abin da ya tarar a kan ganuwa shi ne gawarwakin masu ƙullin a rataye, an saƙala musu a wuya kyaututtukan da sarkin Mosko ya ba su lokacin da suka yi masa mubaya'a. Limamin an tura shi Mosko a tsare. Sanyi ya gabato, Ostrogski ya juya. Aka ci gaba da gwabzawa har 1522, aka tsagaita wuta, Simolensk yana hannun Mosko. Bai fita ba sai 1611, shekara 97 bayan Orsha, sannan Mosko ta sake karɓe shi a 1654.

Marubucin da ya rubuta cewa a Orsha aka karya ƙashin bayan Mosko, ya tsaya nan, rabin labari ya ba mai karatu, kuma rabin da Sigismund ya zaɓa masa.

Mun san amsar da masu kare wannan ɗabi'a za su kawo, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce wasiƙun sun yi aiki. Kafin Orsha, Sarkin Sarakuna Maksimiliyan na gidan Habsbag ya ƙulla ƙawance da Basili don a matse Sigismund gaba da baya. Bayan Orsha ya ja jiki, kuma a watan Yulin 1515 ya zauna a Biyana da Sigismund da yayansa Biladislab, sarkin Hangari da Bohemiya, aka sasanta. Idan ƙarin gishiri ya raba abokan gabanka biyu, ashe ba nasara ba ce? Nasara ce, mun yarda. Amma a lura da abin da wannan amsa ta amince da shi. Ta amince cewa 80,000 makami ne da aka ƙera don kunnen Maksimiliyan da Fafaroma. Makami kuwa ana ba da labarinsa a matsayin makami: wa ya ƙera shi, wa aka nufa da shi, me ya sara. Wanda ya ɗauke shi ya ajiye a gurbin ƙidaya ya ɓata labarin yaƙin, ya kuma yi asarar labarin wasiƙun, wanda a wurinmu ya fi na fagen daɗi. Sannan sulhun Biyana ba kyauta aka yi shi ba. An ɗaura auratayya tsakanin 'ya'yan Biladislab da jikokin Maksimiliyan, kuma da ɗan Biladislab, Luwis, ya mutu a yaƙin Mohac da Turkawa a 1526 bai bar magaji ba, wannan aure ne ya buɗe wa Habsbag ƙofar gadon sarautar Bohemiya da Hangari.

Haka nan labarin da kusan kowa ke maimaitawa, wai an gaya wa Celiyadnin cewa rabin abokan gaba sun ƙetare, a auka musu yanzu, shi kuma don girman kai ya ce a bari duk su haye ya gama da su gaba ɗaya. Labari ne mai daɗi, ya dace da fim. Wanda ya yaɗa shi jakadan Habsbag ne, Sigismund von Herberstein, wanda bai taka ƙasar ba sai shekaru bayan yaƙin, kuma littafinsa a kan Mosko bai fito ba sai 1549. Ba mu ce a jefar da shi ba. A rubuta shi da sunan mai shi, a ce Herberstein ya ruwaito. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tantance wane ya ji daga wane kafin su karɓi magana, bai dace a koya mana wannan ladabi daga waje ba.

Mu koma kan sunaye, domin nan ɓarnar ta fi tsanani. Ana cewa yaƙin Rashawa da Lituwaniyawa. Wanda ya karanta haka zai zana ƙabilu biyu a ransa, harshe biyu, addini biyu, kowanne a nasa gefen kogi. To mafi yawan talakawan daular Lituwaniya a lokacin ba Lituwaniyawa ba ne. Mutanen Rus ne, kakannin 'yan Belarus da Yukren na yau, masu bin Kiristancin Gabas, wato Otodoks, irin na Mosko. Harshensu ne harshen ofis a fadar Bilniyus, kuma da shi aka rubuta kundin dokokin daular na 1529. Sarakunan Mosko suna kiran kansu masu mulkin dukkan Rus, da wannan take suke neman ƙasashen. Mutanen Rus na ɓangaren Bilniyus kuma da yawansu ba su ga dalilin da zai sa sunan kakanninsu ya zama takardar mallakar wani ba.

Ostrogski kansa ɗan Rus ne daga yankin Bolin, a Yukren ta yau, kuma Otodoks ne na gaban goshi. Ku duba wannan abu da kyau: wasiƙu da waƙoƙin da aka aika Roma sun zana nasarar a matsayin galabar Katolika a kan 'yan ɓaraka, alhali wanda ya ci musu yaƙin ɗan ɓarakar ne a ma'auninsu. Da ya dawo Bilniyus, godiyar da ya yi wa Ubangijinsa ita ce gina coci-cocin Otodoks guda biyu na dutse a cikin birnin, da izinin sarkinsa Bakatolike. Da ya rasu a 1530, a babban gidan ibadar Otodoks na Kiyeb aka binne shi. Wanda ya rubuta Orsha a matsayin yaƙin addini biyu, ina zai ajiye wannan mutum?

Kuma ba wannan ne karonsa na farko da Mosko ba. Ranar 14 ga Yuli, 1500, a bakin Kogin Bedrosha, gabas da Simolensk, rundunar Iban na Uku, mahaifin Basili, ƙarƙashin Daniyel Shenya, ta yi wa Ostrogski kwanton ɓauna, ta ragargaza rundunarsa, ta kama shi. (Sarkin Lituwaniya na lokacin, Aleksanda, yana auren Elena 'yar Iban na Uku. Suruki ne ya yaƙi surukinsa, ga masu neman abin rubutawa.) Ostrogski ya yi shekaru a tsare, ya yi wa sarkin Mosko rantsuwar biyayya a 1506, aka ba shi muƙami, ya sulale ya gudu gida a 1507. A Mosko maci amana ne, a Bilniyus gwarzo. Dabarar ɓoye mayaƙa da aka ci shi da ita a Bedrosha, irinta ya ci Mosko da ita bayan shekara 14.

Ga abin da ya kamata ya dami duk mai alƙalami. Bayan Bedrosha, a sulhun 1503, Lituwaniya ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta, har da Carnigob da Biryansk da Gomel. Bayan Orsha, 'yan garuruwa ƙalilan ne suka sauya hannu. Idan da faɗin ƙasa ake auna girman yaƙi, Bedrosha ta ninka Orsha. Amma wa ya san Bedrosha a wajen masana? Ba ta da waƙoƙin Latinanci da aka buga a Roma, ba ta da zane a Warso. Mosko ta lokacin ba ta da maɗaba'a, ba ta da mawaƙan da Turai ke karantawa. Ɗaya yaƙin ya samu marubuta, ɗayan bai samu ba, kuma bayan shekara 500 mai kwafe yana bin inda ya ji kiɗa ya fi ƙara.

Akwai wani mutum kuma da ke rushe zancen ɓangare biyu baki ɗaya, Mikail Gilinski. Jikan Tatar ne, ya yi karatu da aikin soja a yammacin Turai, ya zama na hannun daman Sarki Aleksanda. Da Sigismund ya hau ya ture shi gefe, ya yi tawaye a 1508, ya tsere Mosko. Da shawararsa da mutanen da ya sani a cikin birni aka ci Simolensk. Ya sa rai za a ba shi birnin, Basili ya hana, sai ya fara aika wa Sigismund saƙo a ɓoye zai dawo. Aka kama shi a hanya, kwanaki kaɗan kafin Orsha, aka sa masa mari. Ya yi sama da shekara 10 a kurkuku, har Basili ya auri 'yar ɗan uwansa, Elena Gilinskaya, a 1526, aka sake shi. Wannan Elena ita ta haifi Iban na Huɗu, wanda duniya ta sani da Iban Mai Ban Tsoro. To Gilinski ɗan wane ɓangare ne? Wace tuta ta yau za a liƙa masa?

Kada masoya Rasha na wannan zaure su yi murmushi, domin nasu ɓangaren ma ya iya taku. Littattafan tarihin fadar Mosko sun yi dogon bayani kan cin Simolensk, suka bi ta kan Orsha a gurguje, laifin kuma aka ɗora wa kwamandojin da ba su jitu ba. A 1524 Basili ya kafa gidan ibadar mata na Nobodebici a Mosko don tunawa da cin birnin, yana nan har yau masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Marubutan Rasha na baya suka raɗa wa waɗannan yaƙe-yaƙe sunan tattaro ƙasashen Rus, kamar dai tumaki ne suka ɓace makiyayi ya fita nema. Wanda ya ɗauki wannan suna ya fassara mana shi zuwa Hausa ba tare da ya ce sunan Mosko ba ne, shi da mai kwafe 80,000 jirgi ɗaya ya kwaso su.

Kuma maganar ba ta mutu ba, shi ya sa sakaci a kanta yake da farashi. Ranar 8 ga Satumba, 1992, wasu hafsoshi da 'yan kishin ƙasa suka taru a dandalin 'yanci na Minsk suka yi wa sabuwar Belarus rantsuwa, sun zaɓi ranar ne saboda Orsha. Gwamnatin Lukashenko, mai ɗasawa da Mosko, ba ta amince da ranar a hukumance ba. A 2014, shekarar da Rasha ta ƙwace Kirimiya, yaƙin ya cika shekara 500, Lituwaniya da Yukren kowacce ta buga tsabar kuɗi ta tunawa da shi. Rundunar haɗin gwiwa ta Lituwaniya da Polan da Yukren, mai hedikwata a Lublin, sunan Ostrogski take ɗauke da shi. Ƙasashe huɗu suna jan rigar mutum ɗaya, ta biyar tana kiransa maci amana. Kowaccensu tana da 'yancin yin bikinta. Amma Bahaushen da ke karanta mu a wayarsa ba shi da wata hanya ta sanin cewa abin da muka miƙa masa takardar biki ce, in ba mu gaya masa ba. Littattafan Hausa kan tarihin gabashin Turai ba su da yawan da zai je ya gwada maganarmu da ta wani. Abin da muka rubuta shi zai ɗauka ya kai majalisa, ya rantse a kai. Inda marubuta suka yi yawa, ƙarya ɗaya tana haɗuwa da masu ƙaryata ta goma. A wurinmu tana iya shekara 20 tana yawo ba wanda ya tare ta.

Masu rubuta ƙagaggun labarai za su ce wannan ba ta shafe su ba. A littattafan yaƙi na aljanu da matsafa, a tara dakaru dubu ɗari tara a fage ɗaya, babu mai tuhuma, mai karatu ya san inda ya shigo. Amma ranar da ka sa sunan gari na gaske da shekara ta gaske, ka ci bashi. Kuma ko ta fuskar daɗin labari, wanda ya zaɓi dubu tamanin ya yi zaɓen tumun dare. Taron da ba a iya ƙirgawa ba shi da fuska, ba wanda zai yi masa kuka. Runduna biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, kwamandoji biyu da gaba ta hana su taimakon juna, tsohon fursuna da ya dawo ya fuskanci waɗanda ya yi wa rantsuwa, mutanen birni da suka yi mubaya'a sau biyu cikin wata uku suka ƙare a kan igiya: wannan kaya ne da marubuci zai shekara yana ɗiba.

Ga kuma waɗanda aka kama. A tattaunawar sulhu an kawo zancen fursunonin Orsha, Basili ya ƙi ba da Simolensk a bakinsu, aka tsagaita wuta a 1522 suna nan a tsare. Herberstein ya ce ya ziyarci wasunsu a Bilniyus ya same su cikin sarƙa, har ya ba su rancen 'yan kuɗi. Celiyadnin a can ya mutu. Golitsa ya ga mutuwar Basili a 1533 daga kurkuku, ya ga mutuwar Sigismund a 1548, yana nan. Sai a 1551 ɗan Sigismund ya sallame shi, ya koma Mosko tsoho tukuf bayan shekara 37, ya tarar da sarkin da ba a haifa ba lokacin da ya ɗaura sirdi ya fita.